Dattawanmu na son ƙwallo, amma kusan kowane mako sai wani ya fita yana ɗingishi

Tambaya

Assalamu alaikum. Shekarata 39, kuma ni ne ƙarami a ƙungiyarmu ta tsofaffin 'yan ƙwallo. Mu 18 ne, babbanmu yana da shekara 62. Da yake na taɓa horar da yara, sai suka ɗora mini shirya atisaye. Sau ɗaya muke haɗuwa a mako: mu zagaya fili sau biyu, mu rabu tara-tara, mu buga awa ɗaya da rabi a babban fili. Cikin wata biyu mutum uku sun ji ciwo, ɗaya a naman bayan cinya, ɗaya a sha-raɓa, ɗaya kuma gwiwarsa ta kumbura. Muna da masu hawan jini da mutum biyu masu ciwon suga. Idan na ce a ɗumama jiki, wani babban yayanmu da ya yi tashe a zamaninsa sai ya ce shi ba yaro ba ne, a kawo ƙwallo kawai, sauran kuma su bi bayansa. Ina jin nauyinsu, kuma ina tsoron ranar da wani zai faɗi a hannuna. Yaya zan tsara atisayen, ko dai in ajiye musu aikinsu?

Amsa

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ajiye aikin, tsarin ne ke bukatar canji. Duk wanda ya san harkar nan, da ya ji tara-tara a babban fili, awa ɗaya da rabi, sau ɗaya a mako, zai iya lissafa maka inda ciwon zai fito tun kafin ka faɗa.

Tsohon ɗan ƙwallo idonsa ba ya tsufa. Yana hango fasin tun ba a bayar ba, ya san inda ya kamata ya tsaya, ƙafarsa kuma tana tashi ba tare da ta yi shawara da shi ba. Tsoka da jijiya ne suka canza. Daga shekara 30, mutumin da ba ya aikin ƙarfafa jiki yakan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a duk shekara goma, kuma ɓangaren da ke ba da saurin tashi shi ne ke fara tafiya. Jijiyar agara ba ta jure fizga kamar dā, idan ta ji ciwo kuma tana daɗewa ba ta warke ba. Saboda haka cewa "kowa ya yi a hankali" ba zai fisshe ka ba, don babu wanda ke tuna shekarunsa idan ƙwallo ta wuce shi da taku biyu. Abin yi shi ne ka tsara fili da lokaci da doka ta yadda ko mutum ya so wuce gona da iri, wasan da kansa ba zai ba shi dama ba.

Babbar ɓarnar tana cikin filin. Cikakken fili yakan kai mita 105 a tsawo, 68 a faɗi. Idan ku 18 ne a ciki, kowa yana da kusan murabba'in mita 400 da zai tsare. A irin wannan sarari doguwar ƙwallo ake bugawa, mutum ya bi ta da gudun mita 30 ko 40, kuma a tsakiyar irin wannan gudun ne naman bayan cinya ke tsagewa, daidai lokacin da ƙafa ta miƙe gaba tana shirin taka ƙasa. Ita kuwa sha-raɓa a wurin tashi take tsinkewa: mutum ya daɗe a tsaye jiki ya huce, sai ya fizga da ƙarfi. Babban fili yana haɗa muku su biyun, doguwar tsayuwa da gudun ba-zata.

Ka auna mita 40 da 25, ka sa alama a kusurwoyi. Ka raba mutanenka gida uku, shida-shida, biyu suna ciki ɗaya yana hutu. Kowa ya tashi da murabba'in mita 80 da 'yan kai, babu wurin dogon tsere. Amma kada ka matse filin fiye da haka da sunan kariya. Idan ya yi ƙanƙanta, karo da juyin gaggawa suke yawa, ciwon ya tashi daga cinya ya koma gwiwa da idon sawu. Ranar da mutum 10 kawai suka zo, a buga biyar-biyar a mita 40 da 20, a riƙa hutun minti 2 zuwa 3 tsakanin wasa da wasa.

Kowane wasa minti 5 ne, sai minti 1 na canji da kurɓar ruwa. Rukunin farko da na biyu, na biyu da na uku, na uku da na farko, sannan a sake zagayowa. Wasa shida ke nan cikin minti 35, kowane rukuni ya buga huɗu ya huta biyu, kuma babu wanda ya buga fiye da biyu a jere. Za su ce maka minti 20 na wasa ai raini ne. Ka bar su su gwada. A ƙaramin fili babu wurin laɓewa, mutum yana taɓa ƙwallo ninkin abin da ya saba, zuciya kuma ba ta samun sauka. Binciken da Farfesa Peter Krustrup da abokan aikinsa suka daɗe suna yi a Denmark ya nuna cewa irin wannan ƙaramin wasa, kamar awa ɗaya sau biyu a mako, yana sauke hawan jini kuma yana ƙara ƙarfin zuciya cikin 'yan watanni ga mazan da suka daɗe ba sa motsa jiki.

Kada ka yarda da tsarin nan na wanda ya ci shi ke zama a fili. Yana da armashi, amma yana sa rukuni mafi ƙarfi ya buga wasa huɗu ko biyar a jere, ga gajiya ga ɗaukar zafi, kuma tsoka a gajiye ta fi tsagewa. Masu hutu ma kada su zube a ƙasa. Su riƙa takawa suna ba juna ƙwallo a gefe, don zaman minti 5 ya isa jikin ɗan shekara 55 ya fara sanyi. Bayan mako 4 zuwa 6, idan babu mai kukan ciwo, ka ƙara abu guda: ko wasa ya koma minti 6, ko fili ya ƙaru da mita 5. Ba duka biyun a lokaci ɗaya ba.

Dokokin wasan kaɗan ne. Babu zamiya a ƙasa don ƙwace ƙwallo, babu shiga ta baya. A makonnin farko ƙwallo ba ta wuce tsayin kai, wanda hakan ke kashe tsallen sa kai da doguwar ƙwallo a tare. Gola ya gangaro ta da hannu, idan ta fita kuma a shigo da ita da ƙafa. Ka ƙayyade taɓawa uku, don mai riƙe ƙwallo yana yanka shi ake hara. Taɓawa biyu kuwa ka bar ta tukuna: tana kama da sauƙi, amma tana sa kowa gudu ba tsayawa. Ka gauraya shekaru a kowane rukuni, kada 'yan arba'in su haɗu gefe guda su wahalar da yayyensu. Wanda ya fi kowa manyanta, ko mai dawowa daga jinya, ka ba shi riga mai launi dabam, ya zama ɗan kowa: yana bin duk rukunin da ke riƙe da ƙwallo, ba a shigar masa, sai dai a tare fasin ɗinsa. Idan akwai wanda gudu ya fi ƙarfinsa gaba ɗaya, akwai ƙwallon tafiya, wadda aka fara a Chesterfield ta Ingila a 2011 domin 'yan shekara 50 zuwa sama. Dokarta ita ce dole ƙafa ɗaya ta kasance a ƙasa kullum, wanda ya yi gudu an busa masa.

Yanzu abin da ke zuwa kafin wasan. Zagaya fili sau biyu yana shirya jiki ne don sassarfa a miƙe, ba don juyi da bugu ba. Abin da ya fi shi muni shi ne al'adar isowa fili, a ɗaure takalmi, a fara ɗaɗa wa gola ƙwallo daga mita 25 da jiki a sandare. Naman gaban cinya da na cikinta a nan suke tafiya. Maganinsa mai sauƙi ne: gola ba ya shiga raga sai an yi minti 20.

Minti 6 na farko, bibbiyu a tsakanin mita 20, daga tafiya zuwa sassarfa, ana miƙa wa juna ƙwallo da cikin ƙafa. Minti 6 na gaba, tafiya ta gefe, tafiya da baya, ɗaga gwiwa, kai diddige ga mazaunai, buɗe ƙugu waje da ciki, lilo da ƙafa sau 10 kowace. Sai minti 5 na ƙarfafawa: ɗaga diddige a tsaya kan yatsu sau 15, zubi biyu, rabin tsugunno sau 10, zubi biyu, tsayuwa da ƙafa ɗaya sakan 30 ana jefa wa juna ƙwallo, sai kifuwa a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe, sakan 20 sau biyu. Minti 3 na ƙarshe, gudun mita 20 sau huɗu, na farko da rabin ƙarfi, kowanne ya ɗara na baya, na huɗu ya kai kamar kashi 80 cikin 100. Kada ka tsallake wannan saboda tausayi. Tsokar da ba ta ɗanɗana sauri a ɗumama jiki ba, a cikin wasa za ta fara haɗuwa da shi, ba shiri. Doguwar miƙar nan da ake tsayawa ana jan ƙafa, a bar ta sai an tashi.

Akasarin wannan daga tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+ aka ciro shi, wanda aka fitar a 2006 da motsi 15 cikin kimanin minti 20. Gwajin da aka yi a kan 'yan mata 'yan ƙwallo a Norway, aka wallafa a 2008, ya nuna raguwar rauni da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai dai an tsara shi ne a riƙa yi aƙalla sau biyu a mako, kuma tsalle-tsallen da ke cikinsa ba na gwiwar ɗan shekara 60 ba ne a makonnin farko.

Tsakanin ɗumama jiki da wasa ka ba ƙwallo minti 12. Biyar a gefe, ɗaya a tsakiya, a fili mita 10 da 10, kuma a canza na tsakiya bayan sakan 40 ko ya ƙwace ko bai ƙwace ba. Bugun raga a ƙarshe, daga mita 12 zuwa 16, sau biyar ko shida kowa, a saita da cikin ƙafa. Idan ka ga layi ya wuce mutum huɗu, ka raba shi.

Bayan wasa minti 8 ya rage, atisayen ya cika minti 75. Minti 3 a yi ta tafiya har numfashi ya daidaita. Wannan ba ado ba ne: jini yakan sauka bayan aiki, kuma mai shan maganin hawan jini idan ya tsaya cak jiri na iya kwasar sa. Sauran lokacin a miƙe sha-raɓa da cinya, sakan 30 kowace. A nan ne wurin motsin da ake kira Nordic. Mutum ya durƙusa a kan abu mai laushi, abokinsa ya danne masa idon sawu, ya riƙa kifuwa gaba a hankali jiki a miƙe daga gwiwa zuwa kafaɗa, har sai ya kasa riƙewa ya tare da hannu. Binciken da aka tattara ya nuna yana rage raunin naman bayan cinya da kusan rabi. A fara da sau 3 kawai, zubi biyu, kuma ka gargaɗe su cewa cinya za ta yi tsami kwana biyu ko uku a karon farko. Mai ciwon gwiwa ko baya ya kwanta rigingine, ya kafa diddige, ya ɗaga ƙugu sau 12 a maimakonsa.

Duk wannan ba zai yi cikakken aiki ba muddin sau ɗaya ne a mako. Jikin da ya yi kwana shida a kujera ba ya sabawa, kowane mako sabon farawa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Ku nemi rana ta biyu, da tazarar aƙalla awa 48 tsakani. In bai yiwu ba, kowa ya yi tafiya da sauri minti 30 sau biyu a tsakiyar mako, ya haɗa da ɗaga diddige a gida.

Tsoron da ka ambata kuwa yana da tushe. Ga wanda ya wuce shekara 35, yawancin mutuwar fuju'a a wurin wasa daga toshewar hanyoyin jinin zuciya take zuwa, kuma sau da yawa mai ita bai san yana da ita ba. Kowa ya ga likita kafin ku ci gaba, musamman mai hawan jini, mai suga, mai shan taba, da wanda wani a gidansu ya rasu da ciwon zuciya da sauran ƙuruciyarsa. Ka riƙe takarda a wurinka kai kaɗai: ciwon kowa, maganin da yake sha, lambar wanda za a kira. Ku ajiye na'urar awon jini a jakar kaya. Wanda ya kai 180 bisa 110 yana zaune, ranar ba ta wasa ba ce gare shi, haka ma mai zazzaɓi. Lissafin nan na cire shekaru daga 220 don sanin iyakar bugun zuciya kintace ne kawai, kuma ba ya aiki ga mai shan magani irin atenolol, wanda ke hana bugun hawa. Kunnenka ya fi: wanda minti 2 bayan an busa har yanzu ba ya iya haɗa jimla saboda haki, ya tsallake wasa na gaba.

Nauyi ko matsi a ƙirji, musamman mai sauka hannu ko muƙamuƙi, hakin da ya wuce aikin da aka yi, jiri, gumi mai sanyi: wannan ba na "zauna ka sha ruwa" ba ne, na asibiti ne, kuma ba shi zai tuƙa kansa ba. Wanda ya faɗi ba tare da an taɓa shi ba, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, ku ɗauka zuciyarsa ta tsaya. Jan numfashin nan mai kama da shaƙuwa ba numfashi ba ne. Kada a ɓata lokaci da fifita ko yayyafa ruwa ko neman ciro harshe. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a danna tsakiyar ƙirji zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, a riƙa karɓar juna duk minti 2, wani kuma ya kira agaji ya nemo na'urar farfaɗo da zuciya idan akwai a kusa. Haka aka ceci ɗan ƙwallon Denmark Christian Eriksen a Copenhagen ranar 12 ga Yunin 2021 a wasan Denmark da Finland, ya kuma dawo buga ƙwallo a 2022. Aƙalla mutum uku a cikinku su je ma'aikacin lafiya ya koya musu da hannu, kada ya zama kai kaɗai, don kai ma kana cikin masu gudu.

Masu suga biyun nan, idan suna allurar insulin ko shan irin glibenclamide, kada su sha magani su zo fili ciki babu komai. Karkarwa, gumi, rikicewar magana ko fushi ba dalili alamun saukar suga ne. A ba wanda ya nuna su ƙaramin cokali huɗu na suga a ruwa, a jira minti 15, a sake idan bai dawo daidai ba. Wanda ya suma ba a sa masa komai a baki. Su riƙa duba tafin ƙafa bayan wasa, don ƙaramin bororo a ƙafar mai suga yana iya zama gyambo. Ka hana shan diclofenac ko ibuprofen kafin wasa don danne ciwo: yana ɓoye gargaɗin da jiki ke yi, kuma yana wahalar da ƙoda idan an yi gumi. Mai shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na ciprofloxacin ya huta ya tambayi likitansa, don maganin yana raunana jijiyar agara. Takalmi mai dogayen haƙora kuma ba na busasshiyar ƙasa ba ne.

Su ukun da ke jinya, kada ranar da ciwo ya daina ta zama ranar dawowa. Mai sha-raɓa sai ya iya ɗaga diddige da ƙafa ɗaya sau 20 babu zafi, ya yi sassarfar minti 10, sannan ya yi atisaye biyu a matsayin ɗan kowa. Haka mai cinya, don a makonnin farko na dawowa ta fi sake tsagewa. Mai gwiwa likita ne zai sallame shi. Sabon ciwo kuwa, a kwana biyu zuwa uku na farko: hutu, ƙanƙara a cikin ƙyalle minti 15 zuwa 20, bandeji, ɗaga ƙafa. Babu murza da ƙarfi, babu gashi da ruwan zafi. Kuma duk ranar da wani ya waiwaya yana tambayar wa ya buge shi a diddige alhali babu kowa a bayansa, ku ɗauka agara ce ta tsinke, kada a bar shi ya taka.

Saura babban yayan naku. Kada ka ja da shi a fili gaban mutane, ko ka yi nasara ka yi asara. Ka same shi shi kaɗai kafin ranar atisaye, ka lissafa masa mutum ukun da suka ji ciwo, ka ce kana neman taimakonsa. Ya sani sarai cewa ƙwararru, masu rabin shekarunsa, suna fitowa tun kafin a take wasa su yi kusan rabin awa suna ɗumama jiki. Abin da ba ya so shi ne ƙaninsa ya ba shi umarni. To ka ba shi jagorancin ɓangaren ƙwallo na ɗumama jikin, ko usur na dokar hana zamiya. Dokokin kuma a zauna a yarda da su a lokacin da babu ƙwallo a gaban kowa, babbanku mai shekara 62 ya sanar da su da bakinsa, har da ta mai latti: duk wanda ya iso an fara, sai ya yi minti 12 a gefe kafin ya shiga, ko da kai ne.

Ka roƙi gwajin mako shida, ka riƙa rubuta wanda ya zo da wanda ya yi kukan ciwo, ka karanta musu a ƙarshe. Abu ɗaya ne ba za ka sa shi a ƙuri'a ba, kuma ka faɗa tun a zaman farko: mai alamar ciwon ƙirji yana fita, ko wane ne shi. Idan bayan makonni shidan suka dage sai babban fili, ka ba su sau ɗaya a wata, minti 25 sau biyu, bayan cikakken ɗumama jiki, canji babu iyaka, dokar hana zamiya tana nan, kuma babu atisaye sai bayan kwana uku.